Tambayar da Ba a Yi wa Laure Ba

Unguwar Badariya,
Birnin Kebbi.
16 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga ƙanwata Ɗayyaba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, ke da maigidanki Faruk da 'yar lelenmu Sumayya. Allah ya ƙara muku haƙurin zaman ƙasar mutane, ya tsare ku daga sanyin Jamus da kika ce ya fara shigowa, ya sa albarka a abin da kuka je nema, ya dawo mana da ku lafiya.

Mu nan gida kowa lafiya, alhamdu lillahi. Inna tana nan da ƙarfinta, sai dai gwiwar nan ta hagu da ta sa yanzu a kan kujera take sallah. Bakinta kuwa lafiya lau. Tun da aka fara yankan shinkafa take faɗa da kowa don an hana ta zuwa fadama, wai in ba ta gani da idonta ba ba ta yarda an yi aikin kirki ba. Kawu Bawa ya zo daga Augie makon jiya. Ruwan bana ya ci masa fiye da rabin shinkafar damina, amma kin san halinsa, har ya dasa albasa, yana cewa ta rani za ta share masa hawaye. 'Yarki Adama ta fara karatu a foliteknik, kullum ta dawo da ƙorafin gudun 'yan kabu-kabu. Babanta, maigidana Shafi'u, yana nan yana fama da aikin sakatariya, furfura ta fara cin gemunsa, shi kuma ya ƙi yarda.

Na san kina fushi da ni, kuma kina da gaskiya. Saƙonninki na murya sun kai goma sha ɗaya tun watan Agusta. Duk na saurare su, wasu har sau biyu, amma ban amsa miki komai ba sai gaisuwa. Ba raini ba ne. Duk lokacin da na ɗauki waya zan yi magana sai in ji bakina ya yi nauyi. Shi ya sa yau Asabar na ɗauko biro da takarda, don idona ma ya gaji da kallon gilashin waya. In na gama Shafi'u zai ɗauki hoton shafukan ya turo miki. Kin karanta rahoton da na rubuta a shafin aikinku, amma wancan layi shida ne da turanci, don baƙi na yi shi. Wannan taki ce, kuma zan faro tun daga tushe, har abin da kika riga kika sani, don ki gane yadda aka yi na iso inda nake.

Kin tuna shekara uku da suka wuce, da kika zo hutun babbar sallah, kika zaunar da ni a ɗakin Inna kika buɗe kwamfutarki, kika nuna mini manhajar awon ciki da kuke ginawa ke da wasu mutane daga ƙasashe daban-daban. Kika ce ba ta wani kamfani ba ce, a buɗe take, kowa na iya duba cikinta, ya gyara, ya ƙara, ya ɗauka ya yi amfani da ita kyauta, kuma duk masu aikin sa kai suke yi. Kika ce an fassara ta zuwa harsuna goma sha biyu babu Hausa, alhali an fara raba wa ƙananan asibitocinmu wayoyin da ke ɗauke da ita, ma'aikatanmu kuwa da yawa turancinsu na cin jarrabawa ne kawai. Ni da na shekara goma sha tara ina karɓar haihuwa kafin a mayar da ni zagayen duba asibitocin karkara, na san gaskiya kika faɗa. Kika ce layi dubu huɗu ne da 'yan kai, in na dage wata biyu na gama. Na yi dariya na ce kawo. Ban riƙe ki da wannan maganar ba, na san ke ma haka kika ɗauka.

Abin da ba mu sani ba, ni da ke, shi ne layukan nan a warwatse suke zuwa wa mai fassara, kowanne shi kaɗai. Sai ki ga kalma ɗaya tal a shafin fassara, ba ki san inda za ta zauna a cikin manhajar ba, ko a kan maɓalli ne, ko kan rahoto, ko tambaya ce za a yi wa mace. Wata kuma in kin fassara ta yadda Bahaushe zai gane, sai a ce ta yi tsawo ba ta shiga maɓalli, a rage. Ga sayen data, ga wuta da ke tafiya yadda ta ga dama, ga sabis da ke ɗaukewa daidai lokacin da kika danna a ajiye, aikin awa guda ya bi ruwa. Sau huɗu muna kai fassarar ɗari bisa ɗari. Sau huɗu kuna fitar da sabon zubin manhajar mai ƙarin layuka, mu wayi gari mu ga mun koma tamanin da wani abu. Wanda ya riƙe ni ban yar da aikin tun shekarar farko ba shi ne Malam Sirajo, malaminmu na Hausa a sakandare, wanda ya yi ritaya ya koma gidansa na Argungu. Shi bai iya kwamfuta ba, ni ban kai shi sanin harshe ba. Kowace Asabar in shiga mota daga Birnin Kebbi, in iske shi a zaure ya shimfiɗa tabarma ya ajiye tsofaffin ƙamusunsa biyu, matarsa ta aiko mana da fura. In karanta turancin in yi masa bayani, shi kuma ya rufe ido yana juya kalmar a bakinsa. Akwai ranar da muka yi tun hantsi har la'asar a kan yadda za a ce waya ta aika bayananta babbar ma'ajiya ta kuma karɓo na can. Daga ƙarshe ya ce a sa "daidaita", ya miƙe ya tafi alwala kamar wanda ya sauke buhun shinkafa.

Da farko mu goma sha huɗu muka rubuta sunanmu a rukunin Hausa. Bayan wata shida muka zama uku: ni, da Malam, da Sunusi, wani malamin makaranta a Kano da ban taɓa gani ba sai a rubuce. Shi ne ke duba abin da muka fassara ya amince kafin ya shiga manhajar. Mutumin kirki ne mai ƙwazo, sai dai ya tsaya kai da fata a kan Hausar littafi. In na rubuta ɗiya ya mayar da ita 'ya, in na rubuta zamna ya mayar zauna, in Malam ya sa macce ya cire mata harafi ɗaya. Ni kuma in ce matan Gulma za a karanta wa, ba masu zana jarrabawa ba. Mako uku muka yi muna musu a rubuce, kowa na kawo hujja, kafin mu daidaita. Yanzu in na tuna makonnin nan uku kunya nake ji, don a daidai lokacin kuskuren da zan ba ki labarinsa yana zaune a cikin manhajar, mu ukun babu wanda ya waiwaye shi.

Wata Laraba a tsakiyar Agusta na je Argungu kan aiki, sai wata abokiyar aikina ta ce akwai matar da aka kawo daga wata tunga bayan Gulma, daga cikin asibitocin da ke zagayena, ya kamata in gan ta. Sunanta Laure, matar wani masunci ce, cikinta na uku, wata bakwai. A kwalekwale aka ɗauko ta, sannan a bayan babur, jikinta kamar wuta. Ruwan ciki ya yi kusan mako yana zuba kaɗan-kaɗan har ƙwayoyin cuta suka shiga. Ta haifi ɗa namiji ɗan ƙarami, ya kwana biyu ya koma. Ita Allah ya yi da sauran kwananta, likitoci kuma sun yi ƙoƙari. Na zauna bakin gadonta na yi mata gaisuwa, na tambaye ta ko tana zuwa awo. Ta ce ba ta taɓa fashi ba, ko kwana biyar kafin a kawo ta sai da ta je. Na tambaye ta ko a lokacin ruwan ya riga ya fara. Ta ce ya fara tun kwana guda kafin nan. Na ce to me ya hana ta faɗa. Ta ce ta ɗauka fitsari ne ke kufce mata, ta ji kunya, ga mata cike da benci, kuma ba a tambaye ta ba.

Washegari na tafi tungar da fushina. Ma'aikaciyar wurin Hanifa ce, ɗalibata ce a da, ita kaɗai ce a asibitin, ranar awo tana ganin mata hamsin zuwa sittin. Na shiga da niyyar in wanke ta tas. Na ce ta kawo wayar aiki ta buɗe mini awon Laure. Kin san shafin alamomin haɗari, inda tambayoyi ke jere ana danna eh ko a'a: zubar jini, ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da ƙafa, zazzaɓi, motsin ɗa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. A ta shida sai na ga an rubuta "Sallama?", an danna a'a. Na tsaya ina kallo. Na tambayi Hanifa yadda take yi da wannan tambayar. Ta ce ai ita ma ta daɗe tana mamakinta. Da farko ta ɗauka ana nufin ko ta sallami mace ta tafi gida, sai ta riƙa danna eh, amma duk sanda ta danna sai wayar ta yi ja, ta ce a tura matar babban asibiti da gaggawa. Ta ga ba zai yiwu a ce duk wadda aka sallama a kai ta Argungu ba, sai ta yanke cewa manhajar ce ta rikice a wurin, ta koma danna a'a tana wucewa. Fiye da shekara guda tana haka. Na ce me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba. Ta sunkuyar da kai ta ce ta ji ana cewa ni na yi fassarar, ta ga ba ta isa ta ce Anti Mansura ta yi kuskure ba.

Kin san kalmar turancin da ke wurin. Kalma ɗaya ce take nufin sallamar majiyyaci daga asibiti, take kuma nufin ruwan da ke fita daga jikin mace. A shafin fassara sau ɗaya ta bayyana, ita kaɗai ba bayani, a tsakiyar layukan da ke maganar gado da kwanciya asibiti. Na sa sallama. Manhajar kuma ta ɗauki layin nan guda ta yi amfani da shi wuri biyu. Aikinku komai a rubuce yake, ba abin da ke ɓuya, don haka nan take na buɗe tarihin layin a wayata. Ga sunana, ga kwanan wata, Asabar ce, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma. Sunusi ya amince bayan kwana biyu. Na tuna ranar sarai. Malam ba shi da lafiya ban je Argungu ba, na zauna ni kaɗai na yi layi ɗari biyu a jere don mu cike ɗari bisa ɗari kafin sabon zubi ya fita. Na samu wuri a kan bencin awo na zauna. Hanifa na tsaye tana jiran faɗa. Za ki ce yaya aka yi ban taɓa gani ba alhali ina zagaye. Ni ma na tambayi kaina. Rahoton ƙarshen wata nake dubawa, da ɗakin magani, da tsabtar ɗakin haihuwa. Ban taɓa zama kusa da ma'aikaciya na ga ta bi tambayoyin nan daga farko har ƙarshe da Hausar da na rubuta ba. Ko sau ɗaya.

A saƙonninki kin ce ba laifina ba ne, laifin yadda aka gina manhajar ne. Shafi'u ya ce ƙaddara ce. Likita ya ce ko da an gano a ranar ba shi da tabbacin yaron zai rayu, ɗan wata bakwai ne. Hanifa ta yi kuka ta ce laifinta ne, tun da an koya mata ta yi tambayar da baki ko babu waya. Na yarda da dukanku, kuma na yi imani kwanan da Allah ya ɗibar masa ke nan. Amma da an tambayi Laure wataƙila da ta faɗa, da an tura ta da wuri an ba ta magani kafin zazzaɓi ya kama ta. Wannan ma gaskiya ce, kuma ita ce ke zaune a ƙirjina.

Gyaran layin bai ɗauke ni minti biyu ba. Kai gyaran inda ake buƙatarsa shi ne aiki. Wayoyin karkara ba sa karɓar sabon zubi sai an kai su inda sabis ke da ƙarfi, wasu sun yi wata takwas ba a sabunta su ba. Asibiti goma sha ɗaya ne a zagayena, ga ruwa ya cika fadama, hanyoyi sun yanke. Kwana goma sha shida na yi ina yawo, wani wurin a mota, wani a kabu-kabu, wuri uku sai da kwalekwale. Ko'ina na je in zaunar da ma'aikaciya in ce ni ce na yi kuskure, ga abin da tambayar ke nufi, in rubuta a takarda in manna a bango, in ɗauki wayar in nemi tudu inda sabis ke kamawa. A wuri bakwai daga ciki, abin da Hanifa ke yi shi suke yi. Sauran garuruwan da ke amfani da fassarar Hausa kuwa ƙafata ba ta kai can ba, sai rahoton da na rubuta a shafinku. Na ga matar nan 'yar Kenya da ke jagorantar aikin ta amsa cikin awa uku. Na ga kin raba layin gida biyu kin sa wa kowanne bayani, na kuma ga an gano irin kuskuren a wasu harsuna biyu. Na gode, ko da yake ban faɗa ba a lokacin. Sunusi ya nemi lambata ya kira ni, ranar na fara jin muryarsa. Yana ba ni haƙuri ina ba shi.

Abin da ya fi mini wuya shi ne zuwa gidan Laure. Shafi'u ya ce in je in yi gaisuwa kawai in dawo, kada in tayar musu da abin da ya fara kwanciya. Malam Sirajo ya ce in faɗa musu, tun da na faɗa wa duniya da turanci, bai dace a ce waɗanda abin ya faɗa wa su kaɗai ne ba su sani ba. Na bi ta Malam. Na iske ta a tsakar gida tana jera kifi a kan banda, ta rame sosai, mijinta Abdussamadu na gefe yana ɗinke taru. Na yi musu gaisuwa, sannan na faɗi komai ban rage ba. Na ce akwai tambayar da ya kamata a yi mata ranar awo, ni na rubuta ta ba daidai ba, shi ya sa ba a yi mata ba. Abdussamadu ya ajiye tarun ya tashi ya fita, har na bar gidan bai dawo ba, kuma ban ga laifinsa ba. Laure ta ci gaba da juya kifi. Can ta ce Allah ya ba su Allah ya karɓa, ita ba ta riƙe ni ba. Sai ta ce amma ƙanwarta Sadatu na da ciki wata shida kuma wurin Hanifa take awo, to yanzu mi wayar taka tambaya. Na ciro wayata na karanta mata sabon layin da ni da Sunusi muka amince da shi, cikin Hausa mai kyau, ko akwai fitar ruwa daga al'aura. Ta girgiza kai. Ta ce wallahi ko wagga tambaya anka yi mata rannan a'a za ta ce, don babu maccen da za ta amsa wagga magana ga mata zamne suna ji. Na ce to yaya za a ce. Ta ce a tambayi macce ko zanenta na jiƙewa ba ta san dalili ba, wannan kam kowa na iya ɗaga kai ta ce eh. Ɗayyaba, ga shekarun da na yi a ɗakin haihuwa, ga malami, ga mai dubawa a Kano, amma matar da kuskurena ya faɗa wa ce ta gyara mini aikina, tana zaune gaban banda. Na rubuta maganarta a bayan katin awo, na dawo gida na sake canza layin. Sunusi ya amince bai taɓa ko harafi ɗaya ba. Ma'ana sai an sake zagaye asibitocin nan goma sha ɗaya. Na sake.

Yanzu ga inda muke. Idon Malam Sirajo ya yi rauni ƙwarai, likita ya ce hawan jinin ido ne, ya hana shi karatu. Asabar uku da suka wuce hira kawai nake zuwa mu yi. Sunusi an ƙara masa azuzuwa a makarantarsu, sai ya yi mako biyu bai leƙo ba. Ranar Talata na buɗe shafin na ga sababbin layi ɗari tara da sittin suna jira saboda zubin Disamba, da saƙon tunatarwa cikin ladabi cewa Hausa ta koma saba'in da takwas cikin ɗari. Na kalli lambar ban ji komai ba. Na gaji, ƙanwata. In na ga kalma yanzu, ko mai sauƙi ce, sai hannuna ya tsaya a kanta ina tunanin wace mace ce za ta faɗa wa. Don haka ina roƙonki ki cire sunana daga shugabancin rukunin Hausa, ki gaya musu da bakinki, ke kin fi ni iya turancin da ba zai ɓata wa kowa rai ba. Ba barin aikin zan yi gaba ɗaya ba, ko na so zuciyata ba za ta bar ni ba. Tambayoyin da ake yi wa mata kai tsaye guda ɗari da arba'in ne, su zan riƙe. Kuma babu wadda zan sake sa wa hannu sai na je ranar awo na karanta ta a gaban mata na ji yadda suka amsa. In ya ɗauki shekara, ya ɗauka. Sauran, na maɓallai da saituna da rahoto, su jira wanda Allah zai kawo. In ba a samu ba su zauna da turancinsu. Gara ma'aikaciya ta ga abin da ba ta gane ba ta kira ni, da ta ga Hausar da ta gane a karkace ta yi shiru. In kuma kin samu wani mai sha'awa, ki haɗa shi da ni in kai shi asibiti ya zauna ya gani kafin ya fassara layi ɗaya.

Shekaranjiya Alhamis Hanifa ta kira ni bayan an tashi daga awo. Ta ce ta yi wa mata hamsin da huɗu tambayar zane, uku sun ce eh. Biyu ciwon sanyi ne, ta ba su magani. Ta ukun ruwan ciki ne, wata takwas. Ta sa an kai ta Argungu a ranar, an kwantar da ita, jiya na je na gan ta, ita da abin da ke cikinta lafiya. Na ɗauka ranar da na ji irin wannan labari zan yi murna. Na dai ce alhamdu lillahi, na dawo gida na kwanta da kayan jikina, sai da Adama ta tashe ni sallar magariba.

Takarda ta kusa ƙarewa, bari in tsaya nan. Inna tana gaishe ki, ta ce ki riƙa rufe wa Sumayya kai da kunne in za ku fita, kuma ki turo hotonta na kwanan nan, ba wancan na sallah ba. Kawu Bawa, da Shafi'u, da Adama, duk suna gaisuwa. Malam Sirajo ya ce in gaishe ki da kyau, ya ce Allah ya yi miki albarka, kada abin da ya faru ya sanyaya miki jiki a kan aikinki. Ni ma haka na ce. Ki gaishe mini da Faruk, ki rungume mini Sumayya. Ki sa Sadatu a addu'a, watan gobe take sa ran sauka. Ki sa Laure da Abdussamadu su ma. Yaron nan, kafin a rufe shi ubansa ya raɗa masa suna Ja'afar. Na ga ya kamata ke ma ki san sunansa.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Yayarki,
Mansura.